Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Jami'a Hulɗa da AI Ba Tare da Ta Yi Musu Wayo Ba

A zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta kawo mini babi na biyu na kundinta. Turanci sumul, ba inda mutum zai yi tuntuɓe, kuma a ƙarshe ta jero maƙalu goma sha biyu da ta ce daga cikinsu ta ciro bayananta. Na tsamo uku na nema, ban samu ko ɗaya ba. Marubutan akwai su, mujallun ma akwai su, amma maƙalun babu wanda ya taɓa rubuta su. Da na tambaye ta sai ta ce, "Wallahi Malam ban ƙirƙira ba, ChatGPT ne ya ba ni." Na kuwa yarda da ita, don da gaske ba ta san na'ura tana shara ƙarya ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Daga nan na fara ware awa shida a cikin kwas ɗina don ƙirƙirarriyar basira, wato abin da kowa ke kira AI. Ga yadda nake yi a nan Jos, ga duk malamin da yake son gwadawa, ko tarihi yake koyarwa ko kimiyyar haɗa magunguna.

Kafin ka shiga aji

Kada ka jira a buɗe sabon kwas. Gaskiya ne manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace da ita, kuma nan ne gurbin wannan darasi na dindindin. Amma kafin takarda ta bi ta sashe, ta je tsangaya, ta isa majalisar jami'a, ɗaliban da ke gabanka sun tafi bautar ƙasa. Ka yanki awanninka daga kwas ɗin da ke hannunka. In shugaban sashe ya nemi hujja, ka nuna masa jagorar da UNESCO ta fitar a Satumban 2023 kan amfani da irin wannan fasaha a karatu da bincike.

Sai ka yi mako guda kana gwada abin da kanka: manhajojin hira na AI irin su ChatGPT, Gemini, da Meta AI wadda ta shigo WhatsApp a Najeriya tun Afrilun 2024, kuma ita ce mafi kusa da hannun ɗalibi tunda ba sai ya sauke komai ba. Ka tambaye su abin da ka fi sani a fanninka. Malamin da bai taɓa kama na'urar tana ƙarya da idonsa ba, wa'azi kawai zai yi, ɗalibai kuwa suna gane wa'azin wanda bai je wurin ba.

Kayan aiki kaɗan ne. Ka raba ajin biyar-biyar, waya ɗaya mai data ta ishi kowane rukuni, kuma kada ka ɗora wa kowa sayen manhajar kuɗi. Ka sa wakilin aji ya tuna musu da caji tun dare. Ka buga wasu amsoshin na'ura a takarda ka riƙe a jaka saboda ranar da sabis zai ɗauke, domin zai ɗauke. Wajen rabon rukuni ka gauraya su, Bahaushe da Berom da Ngas da ɗan kudu wuri ɗaya, za ka ga amfanin hakan a zama na biyu.

Zama na farko: allo da alli kawai

A ajiye wayoyi. Ka rubuta a allo: "Gani ya kori ___". Kafin ka juyo sun ce "ji". Ka rubuta: "Ranar wanka ba a ɓoyon ___". Cibi. Ka tambaye su yadda aka yi suka sani, za su ce sun sha ji.

Yanzu ka rubuta: "Da na isa kasuwar Terminus sai na ___". Nan baki zai rabu. Wani ya ce "sauka", wani "sayi", wani "hau". Ka ƙirga hannuwa, ka rubuta adadin gaban kowace kalma, ka ɗauki wadda ta fi rinjaye ka ƙara a jumlar, sannan a sake zaɓen ta gaba. Ku yi haka har jumla ta cika. Sai ka gaya musu cewa abin da suka yi yanzu shi ne ainihin aikin ChatGPT da 'yan uwansa. An cusa musu rubutu mai ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace, suna jera su ɗaya bayan ɗaya. Madannin wayarsu da ke hasashen kalma ta gaba ƙanen wannan ne.

Jumla ta ƙarshe ita ce tarkon: "An haifi kakan Malam a shekarar ___". Babu wanda ya sani, amma ka matsa musu sai sun cike. Za su ce 1920, ko 1935. Babu wanda zai ce "ayaba" ko 2019. Ka nuna musu cewa amsarsu ta yi kama da gaskiya, ta zauna daram a jumla, amma daga iska suka ciro ta. Haka maƙalun waccan ɗaliba suka samu. Na'urar ta san kamannin sunan maƙala, sai ta ƙera mai kama da shi.

Minti goma na ƙarshe ka ba su ɗan tarihi don su san abin ba jiya ya faɗo daga sama ba. John McCarthy da abokansa ne suka raɗa wa fannin suna a taron Dartmouth na 1956 a Amurka. A 1966 Joseph Weizenbaum ya fito da wata 'yar manhajar hira mai suna ELIZA, wadda kusan mayar wa mutum maganarsa kawai take yi a sigar tambaya, amma har sakatariyarsa ta nemi ya ba su wuri ta yi sirri da ita. A 2017 masu bincike a Google suka fito da tsarin da ake gina manhajojin yanzu a kansa, ChatGPT kuma ya fito ranar 30 ga Nuwamban 2022. Labarin ELIZA na fi tsayawa a kai, don yana nuna saurin da ɗan Adam ke yi wajen miƙa wuya ga duk abin da ya iya magana.

Zama na biyu: a kama ta a gida

In lokaci ya ƙure maka har sai zama ɗaya za ka iya yi, to ka yi wannan.

Ɗalibi ba zai gane ƙaryar na'ura a kan abin da bai sani ba. In ta yi masa bayanin tattalin arzikin Jamus, da me zai auna? Don haka a jawo ta filin da ɗalibin ne malami. Kowane rukuni ya rubuta tambayoyi goma waɗanda su da kansu sun san amsarsu tabbas, kuma su rubuta amsar a takarda kafin su taɓa waya. A haɗa da masu sauƙi irin na littafi: shekarar da aka ƙirƙiri jihar Filato, wato 1976, yawan ƙananan hukumominta, 17, shekarar da Bernard Fagg ya kafa gidan tarihin Jos, 1952, da shekarar gobarar babbar kasuwar Terminus, 2002. Irin waɗannan sau da yawa za ta ci, kuma yana da kyau su ga ta ci, kada su fita da tunanin ba ta da amfani.

Sannan a gangaro ƙasa. Yaya ake gwaten acha? In mutum ya tashi daga Farin Gada zai je Bukur, ina zai hau mota, ina zai sauka? Yaya ake gaida tsoho da safe da Berom, ko Tarok, ko Mwaghavul? Wane wata ake haƙar dankalin Turawa a Bokkos? Nan amfanin gauraya rukuni yake fitowa, domin akwai wanda mahaifiyarsa ke dafa abin, akwai wanda harshen uwarsa ne. Za ka ji dariya ta tashi a wani lungu, wata tana cewa, "Malam, wannan ba yarenmu ba ne, ban san yaren wa ba ne."

Gwaji biyu nake ƙarawa. Na farko, su ƙirƙiri karin maganar da babu ita, misali "Akuyar da ta ga dutse ba ta tambayar kuɗin mota", su nemi na'ura ta faɗi ma'anarta da asalinta. Sau da yawa za ta zuba sharhi har da cewa Hausawa na yawan faɗar haka. Wani lokaci kuma ta ce ba ta san karin maganar ba, to su rubuta wannan ma, su gwada wata manhajar su kwatanta. Na biyu, su koma kan tambayar da ta amsa daidai su ce mata, "A'a, kin yi kuskure." Su ga ko za ta tsaya kan gaskiyarta ko za ta ba da haƙuri ta sauya. An horar da waɗannan manhajoji su faranta wa mai tambaya, shi ya sa suke da halin 'yan amshin Shata.

Kowane rukuni ya ja layi uku a takarda: abin da ta faɗa daidai, abin da ta yi kuskure, da abin da su kansu ba za su iya tantancewa ba. Ka sa ido kan layi na uku, don ɗalibai suna son tura abin da ba su sani ba zuwa layin daidai saboda kawai an faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Ka sa su karanta amsar gaskiya da ta ƙarya da babbar murya a jere, su ji cewa muryar ɗaya ce, babu rawar baki a ko ɗaya. Daga nan ka jefa musu tambayar da za su kwana da ita: wadda ta yi muku haka a kan gwate, me take yi muku a kan kwas ɗin da ba ku iya ba tukuna?

Zama na uku: wa ya gaya maka?

Ɗaliban da suka yi Islamiyya sun san isnadi, wato ba a karɓar ruwaya sai an san wa ya ji daga wa. Ɗaliban tarihi da na shari'a suna da irin wannan a fanninsu. Na'ura kuwa mai ba da labari ce da ba ta halarci komai ba, don haka duk abin da ta kawo sai an bi sawunsa.

Ka fara da labarin lauyoyin New York. A 2023, a wata ƙara da wani fasinja ya shigar kan kamfanin jiragen Avianca, lauyoyinsa sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da hukunce-hukuncen baya da ChatGPT ya ƙirƙira. Alƙali ya nema bai samu ba, aka ci su tarar dala 5,000. Ɗaya daga cikinsu har ya tambayi na'urar ko shari'un na gaske ne, ta ce masa e. Wannan wurin nake so ɗalibai su riƙe: ba a tambayar mai zance ya zama shaidar kansa.

Sai aikin hannu. Kowane rukuni ya nemi na'ura ta ba shi maƙalu biyar kan wani batu na kwas ɗinku. Ga kowace ɗaya, su kwafi taken su saka a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi. In ba ta fito ba, su je shafin mujallar kanta su duba shekara da fitowa da lambar shafi. In mujallar Afirka ce, su leƙa AJOL, shafin da ke tattara mujallun bincike na Afirka. In an ba da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, su buɗe ta su ga ko ta kai su ga maƙalar da aka ambata ko wata daban. Wadda aka samu kuma ba a gama da ita ba, sai an buɗe an karanta an ga ko ta faɗi abin da aka jingina mata, domin manhajojin da ke bincike a intanet sukan kawo majiya ta gaske su liƙa mata maganar da ba tata ba. In za ka iya, ka gayyato ma'aikacin laburare wannan zama, sun fi mu iya wannan aiki kuma ba a cika neman su ba.

Ka rage minti ashirin don hoto da murya. Mu a Jos ba sai an gaya mana abin da jita-jita ke haifarwa ba, ga shi yanzu ana iya ƙera hoton gobarar da ba a yi ba, ko muryar malami ko fasto yana faɗin abin da bai faɗa ba. Ka nuna musu yadda ake saka hoto a Google Lens a ga inda ya fara fitowa, ka nuna musu shafin Dubawa masu bin diddigin labarai. Kada ka ɓata lokaci kan ƙirga yatsu a hoto, na'urorin sun wuce nan. A tambayi wa ya fara turowa, yaushe, kuma wace kafa mai suna ta ɗauka.

Zama na huɗu: son kai da sirri

A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin gane fuska na wasu manyan kamfanoni. Kuskurensu a kan fararen maza bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, a kan baƙaƙen mata kuwa ya kai kusan kashi 35. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da aka fi nuna wa na'ura shi ta fi iyawa.

Hausa tana ba mu hanyar gwada wannan cikin sauƙi. A Turanci ana iya cewa likita ya iso ko ma'aikacin jinya ya tafi ba tare da an nuna mace ce ko namiji ba, amma Hausa dole ta zaɓi "ya" ko "ta". Su ba na'ura jumlolin Turanci goma masu sana'o'i daban-daban, injiniya, direba, mai girki, shugaba, mai shara, ta mayar Hausa, su ƙirga wa ta ba "ya" wa ta ba "ta". Sannan su duba ko tana bambanta ƙafa da kafa, ɓata da bata, ɗaka da daka. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, amma rubutunmu a intanet kaɗan ne in an kwatanta da yawan masu magana da harshen, balle Berom ko Ngas. Ɗalibin da abin ya ba haushi, ka nuna masa ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, ƙofarsu a buɗe take.

Batun sirri gajere ne. Abin da ba za ka manna a allon sanarwar sashe ba, kada ka liƙa wa na'ura: lambar NIN, BVN, sunan majinyaci da cutarsa ga masu zuwa asibitin koyarwa, sunayen mutanen da aka yi hira da su don kundi. A 2023 ma'aikatan Samsung sun zuba bayanan sirrin kamfani a ChatGPT, har kamfanin ya taƙaita amfani da shi. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan sirri ta Najeriya, don haka bayanan wani ba naka ba ne da za ka yi kyauta da su. Kafin a tashi kowa ya shiga saitin manhajarsa ya kashe wurin da ke ba da izinin horar da ita da hirarsa.

Zama na biyar: yanzu a yi aiki da ita

Da gangan na jinkirta wannan. Wanda aka fara koya masa tuƙi kafin a nuna masa birki, ka san inda zai ƙare.

Ka rubuta umarni biyu a allo. Na farko: "Rubuta mini bayani kan haƙar kuza a Jos." Na biyu: "Ni ɗalibin aji biyu ne a sashen tarihi. Ga sakin layi uku da na rubuta kan haƙar kuza a Filato zamanin Turawa. Kada ki sake rubuta mini. Ki nuna mini inda hujjata ta yi rauni, ki yi mini tambaya uku da malami zai iya yi mini." Su gwada duka biyun. Na farko zai ba su ruwan da kowa zai samu, na biyu zai sa su koma littafi.

Ƙa'idata ita ce ɗalibi ya fara, na'ura ta biyo baya. Ya rubuta nasa ko da a karkace, sannan ya nemi suka. Ya karanta babi, sannan ya sa ta yi masa tambayoyin gwaji. Ya kasa gane wani bayani a lakca, ya nemi ta sauƙaƙa da misali, sannan ya koma littafin ya ga ko sun dace. Ga ɗalibin da Turanci ke ba wahala, gyaran nahawu taimako ne na gaske kuma ban hana ba, muddin tunanin nasa ne.

Zama na shida, da batun maki

Duk abin da ka koyar zai rushe in tsarin makinka bai sauya ba. Ka rubuta a takardar kwas, aiki-aiki, wanda aka hana taɓa AI, wanda aka yarda da sharaɗi, da wanda dole a yi da ita. Duk wanda ya yi amfani da ita ya ƙara layi uku a ƙarshen aikinsa: wace manhaja, me ya tambaya, me ya ɗauka me ya watsar. Kuma ka cika alkawari, kada ka rage wa mai faɗin gaskiya maki, in ba haka ba daga ranar kowa zai ɓoye.

Kada ka dogara da manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun ɗaliban da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, suka tarar an yi wa fiye da rabi ƙazafin cewa na'ura ce ta rubuta. Ɗalibanmu ke nan. Ka kai yaro gaban kwamitin ladabtarwa da irin wannan shaida, ka ɗauki alhaki.

Aikin ƙarshe da nake bayarwa shi ne kowa ya sa na'ura ta rubuta shafi ɗaya kan wani batu na kwas, ya buga a takarda, ya bi shi da jan biro kamar malami: ga daidai da majiyarsa, ga kuskure da gyaransa, ga abin da ta tsallake. Jan biron nake ba maki, shafin na'urar ba ya cin ko ɗaya.

Sai kariya da baki, minti uku zuwa biyar. Tambayoyina ba sa wuce uku: faɗa mini wannan sakin layi da Hausa ko da yarenka, ina ka samo wannan adadi, wace jumla ce a nan kai kanka ba ka gamsu da ita ba. Na san za a ce aji mai mutum ɗari uku fa? Ba kowa za ka kira ba. Ka rubuta lambobinsu a ƙananan takardu ka zuba a hula, duk mako wakilin aji ya zaro goma a gaban kowa, wanda aka zaro kuma a mayar da takardarsa cikin hular.